Mota ɗaya, baki biyu: wa zai biya kuɗin haɗarin da aka ɓoye?

Motar da ta yi haɗari aka gyara ta, labarinta biyu ne a bakin mai ita. Gaban mai karɓar haraji, gawa ce da aka tono daga bola, wadda ba ta cancanci ko dala ba. Gaban mai saye kuwa, amarya ce da ba ta taɓa taka rami ba. Gomnati ma ba ta fi shi gaskiya ba: ranar karɓar kuɗi tana lissafa motar kamar lafiyayya, ranar da motar ta watse da mutane bisa hanya sai ta ce ai dama tsohuwa ce. Wannan rigima ta daɗe ana yin ta a ƙasar Irland, kuma ya kamata ɗan kasuwar Maraɗi da ma'aikacin Yamai su saurare ta da kunnen basira, domin ragowar motocin da ake wannan gardama a kansu a Turai, da yawansu Afirka ta Yamma ce makomarsu.

Irland ƙasa ce mai mutane miliyon 5 da ƴan kai, a yammacin Ingila. Ba ta ƙera mota. Masana'antar Ford da ke birnin Cork ta rufe tun 1984. Da yake direbobinta hannun hagu suke bi kamar na Ingila, kasuwar tsoffin motoci ta Ingila ita ce rumbunta a da: a 2018 da 2019, kowace shekara fiye da tsoffin motoci 100,000 aka shigar da su ƙasar, akasarinsu daga can. Lokacin da ƙasashen Tarayyar Turai suka kwashe shingayen duwan da ke tsakaninsu ranar 1 ga Janairun 1993, baitulmalin Dublin ya ga zai yi asarar kuɗin da yake samu kan motoci a bakin iyaka. Sai aka sake wa harajin suna da wurin karɓa. Maimakon a biya shi ranar shigowa, aka ce a biya ranar da za a ba mota lambar ƙasa. Shi ne harajin rajistar mota, wanda suke kira VRT. Kura dai ta sake fata, amma haƙoranta suna nan.

Abin lura shi ne yadda ake lissafa shi. Hukumar harajin Irland ba ta duba faktir ɗin da mai mota ya kawo. Ba ruwanta da nawa ya saya. Abin da take dubawa shi ne nawa motar za ta yi, a ganin hukumar, in an sa ta kasuwa cikin ƙasar, har da dukan harajin da ke kanta. Wato haraji ne ake ɗorawa bisa farashin da shi kansa harajin yake ciki. Daga Yulin 2008 aka ɗaure yawan kason da za a biya da yawan hayaƙin da injin ke fitarwa, a 2020 aka ƙara wani kuɗi kan wani nau'in hayaƙin da ya fi yawa ga injin gazuwal, kuma daga 2022 kason ƙananan motoci ya kama daga 7 bisa 100 har zuwa 41 bisa 100. Wanda ya shigo da mota yana da kwana 7 ya nemi ranar da za a duba ta, da kwana 30 ya gama rajista. Tun ranar 1 ga Janairun 2021, bayan ficewar Ingila daga Tarayyar, motar da ta fito daga can tana iya ɗaukar kuɗin duwan na 10 bisa 100 da TVA ta 23 bisa 100 kafin ma a zo maganar VRT.

To, ina motar da ta yi haɗari ta faɗa cikin wannan lissafi?

A ɗauka misali, don lissafin ya fito fili. Wani makanike ya sayi mota a gwanjon kamfanin asurans a Ingila kan yuro 8,000, gabanta a murƙushe. Ya kashe 4,000 ya gyara ta sumul. Irinta da ba ta taɓa haɗari ba tana yin 20,000 a Dublin, kuma jadawalin hukuma, wanda ke tafiya bisa samfurin mota da shekarunta da kilomitocin da ta ci, wannan adadi zai fitar. In kasonta 20 bisa 100 ne, haraji ya zama yuro 4,000, wato sefa miliyon 2 da jika 600 da ɗoriya. Amma duk mai sayen da ya san tarihinta ba zai ba da 20,000 ba. A ce 15,000 zai bayar. Harajin 15,000 kuwa 3,000 ne. Tsakanin lissafin biyu akwai yuro 1,000, jika 656 kenan. Makaniken kuma, in an bar shi da son ransa, cewa zai yi a lissafa masa bisa 8,000 da ya biya.

Farashi uku ke nan a kan mota ɗaya, kuma biyu daga ciki na son kai ne.

Na makaniken ba shi da hujja. Abin da ake ba lamba ba tarkacen da ya saya ba ne, mota ce mai tafiya wadda za ta yi gogayya da sauran motoci a kasuwa. Kuma gomnati tana da dalilinta na ƙin yarda da faktir: takarda ce da mutum biyu ke rubutawa a ɗaki, kuma duk wanda ya taɓa shiga harkar taranzit ya san ba a rasa alƙalami mai sauƙin kai. In aka ce faktir ce ma'auni, gobe kowace mota da ta sauka daga jirgi sai ta zama mai haɗari. Na jadawali ma ba shi da hujja. Karɓar harajin 20,000 kan abin da ba zai taɓa yin 20,000 ba, karɓar kuɗi ne kan dukiyar da babu ita. Kotun Tarayyar Turai da ke Luksambur ta faɗi haka tun 1995 a shari'ar Nunes Tadeu, kan harajin ƙasar Portigal: ba a yarda a ɗora wa tsohuwar motar da aka shigo da ita harajin da ya fi wanda ya rage a jikin irinta ta cikin gida ba, dole a yi la'akari da faɗuwar darajarta ta haƙiƙa. A 2001, a shari'ar Gomes Valente, kotun ta ƙara da cewa ƙasa tana iya aiki da jadawali, da sharaɗin ya bi gaskiyar kasuwa, kuma mai mota ya samu hanyar ƙalubalantarsa.

Irland ta buɗe wannan hanya, ko da yake ƙofar tana da ƙunci. Sai mutum ya fara biyan abin da aka yanka masa, sannan cikin wata biyu ya shigar da ƙorafi, da hujjojinsa: hotuna, tallace-tallacen motoci irinta, ra'ayin masanin farashi. In bai gamsu ba, ya wuce gaban wata hukumar ɗaukaka ƙarar haraji mai zaman kanta, wadda aka kafa a 2016, kuma take buga hukunce-hukuncenta kowa ya karanta. Biya kafin ƙorafi zalunci ne ga mai ƙaramin jari, wanda kuɗinsa ke kwance a baitulmali alhali motar na kwance a garaji. Amma a faɗi gaskiya: mutum yana iya shiga intanet ya ga kimanin abin da za a ce ya biya tun bai sayi motar ba, kuma in an cuce shi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ba ƙaramin abu ba ne.

Farashi na ukun, na mai sayen da ya san tarihin mota, shi ne na gaskiya. Sai dai yana da wani sharaɗi da masu kukan haraji ba su cika son a ambata ba: ba ya wanzuwa sai in mai sayen ya sani ɗin. Makaniken da ya je gaban hukuma da hotunan murƙushewa ya karɓi rangwamen yuro 1,000, sannan ya sa motar kasuwa kan 20,000 bai ce uffan ba, ya ci baitulmali, ya ci mai saye. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da Holand ta koya

Ƙasar Holand ta gwada buɗe ƙofar rangwame sosai, ta ga abin da ya biyo baya. Ita ma tun 1993 take da irin wannan haraji, mai suna BPM, kuma ta yarda wanda ya shigo da mota mai lahani ya kawo rahoton masanin farashi, a rage masa gwargwadon lahanin. Nan da nan sana'a ta tashi. Ƙarzuwar fenti ta zama babban haɗari a takarda, rahotanni suka yi ta kumbura, kotuna suka cika da ƙararraki. A 2015 gomnati ta ƙayyade cewa 72 bisa 100 na kuɗin gyaran da aka ƙiyasta ne za a ɗauka a matsayin faɗuwar daraja, sai in mutum ya kawo hujjar da ta fi haka, ta kuma riƙa kiran motoci wata ma'aikatarta ta sake dubawa. Daga baya aka sake rage kason. Wasan kyanwa da ɓera kenan, kuma dalilinsa a fili yake. Muddin faɗin lahani riba ce tsantsa, babu wata asara da ke biye da shi, kowa zai faɗa har ya ƙara gishiri.

Maganin ba wani sihiri ba ne. A ɗaure rangwame da shaida. Duk wanda ya ce motarsa ta yi haɗari don a rage masa haraji, a rage masa, amma a rubuta haɗarin a takardar motar, ya bi ta har ranar da za ta mutu. Daga ranar nan ƙarya ta daina riba ta kowane gefe: wanda ya ƙara gishiri gaban hukuma ya kashe farashin motarsa da bakinsa, wanda ya ɓoye kuma ya biya harajin lafiyayya cif. Mutum ya zaɓi baki ɗaya.

Rabin wannan tsari yana nan a wasu ƙasashen. Kamfanonin asurans na Ingila, tun Oktoban 2017, suna kasa motocin da suka yi asara gida huɗu: A, wadda za a niƙe gaba ɗaya, B, wadda za a cire kayanta a niƙe gangar jikin, S, wadda ƙashin jikinta ya taɓu amma ana iya gyarawa, da N, wadda lahaninta bai kai ga ƙashin ba. Alamar S ana rubuta ta a takardar motar. A Faransa, tun 2009, masanin da asurans ta aiko yana iya sa a tsayar da kart giriz ta motar da ya ga tana da hatsari, ba a sayar wa mutum ita don hawa sai an gyara ta ƙarƙashin idonsa ya sa hannu. Daga 2019 kuma gomnati ta buɗe HistoVec, inda mai sayarwa ke iya nuna wa mai saye tarihin motar kyauta. Beljik ta yi wa masu juya kilomita tarko da takardar Car-Pass tun 2006. A Amurka ma motar da asurans ta yafe ana buga mata tambari a takardar mallaka.

Duka wannan yana aiki, amma iyakacinsa bakin iyaka. Da zarar mota ta ƙetare, aka ba ta sabuwar takarda a sabuwar ƙasa, tambarin yakan tsaya a baya kamar tsohuwar riga. Wankan takarda kenan. In har hakan na faruwa tsakanin Ingila da Irland, da ke da harshe ɗaya da kwamfutoci da kamfanonin binciken tarihin mota, me ake tsammani tsakanin Anbers da Kwatano?

Ƙarshen igiya

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a Oktoban 2020: tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan tsoffin motoci miliyon 14, kuma 40 bisa 100 Afirka suka nufa. A wannan shekarar, masu binciken gomnatin Holand suka bayyana cewa akasarin motocin da ke barin tashoshinsu zuwa Afirka ta Yamma ba su da takardar bizit mai aiki, kuma da yawa sun kai shekara 16 zuwa 20. Hukumar Tarayyar Turai da kanta ta amsa cewa kimanin motoci miliyon 3 da rabi ke ɓacewa daga rajistocinta kowace shekara ba a san inda suka shiga ba, shi ya sa a Yulin 2023 ta gabatar da shawarar hana fitar da motar da ba ta cancanci hawa hanya ba. A ƙara da na gwanjon Amurka, masu haɗari da waɗanda ambaliya ta shanye, da ake lodawa cikin kwantena zuwa Kwatano da Lome da Legas.

Nijar ba ta da teku, saboda haka ita ce ƙarshen igiya. Shekara da shekaru motocinta suna sauka Kwatano, su yi tafiya ta Paraku da Malanbil, su haye gadar Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe wannan iyaka, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, tsada ta ƙaru. Tun kafin nan ma, karyewar darajar sefa ta Janairun 1994 ta riga ta raba matsakaicin ma'aikaci da mafarkin sabuwar mota. Malamin lekkol, ma'aikacin asibiti, sakataren biro, duka tsohuwa suke saye, galibi da bashin banki da za a yi shekaru ana yanka a albashi. Wannan mutum shi ne kurar da ke shan bugu. Yana duba fenti, ya saurari inji, ya buga taya da ƙafa, ya biya. Ba shi da hanyar sanin cewa shasin ya taɓa lanƙwashewa aka miƙe shi da wuta, ko jakar iskar da ke cikin sitiyari ta fashe tun a Turai aka rufe gurbinta wayam. Kart giriz tana faɗin sunan mai mota da lambar shasi da ƙarfin inji. Ba ta ba da labarin abin da ya faru a wata nahiya. Zai gane gaskiya ranar da tayoyi suka fara cinyewa gefe ɗaya, in ya yi sa'a. In bai yi ba, bisa hanyar Dosso ko ta Ƙonni zai gane, shi da iyalinsa.

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Gaskiya ne, amma da sharaɗin an gaya masa rariya ce.

Ɗan kasuwa ma yana da nasa kuka, kuma kukan gaskiya ne. Duwan na ƙasashen da ke aiki da faransanci sun daɗe suna dogara da farashin Argus, jaridar motoci ta Faransa da aka kafa a 1927, wajen ƙiyasta tsohuwar mota. Argus kuwa farashin mota mai lafiya take bayarwa, a kasuwar Faransa. Bisa darajar da aka tsayar ne ake ɗora kuɗin duwan da TVA ta 19 bisa 100 da sauran ƙananan kuɗaɗe, saboda haka kowace jika da aka ƙara a ƙiyasi tana jawo ƴan uwanta. Wanda ya kawo mota mai lahani yana da haƙƙin a ga lahanin. Amma inda ba a rubuta yadda ake auna lahani ba, aka bar shi ga idon mutum ɗaya, ƙiyasi yakan koma ciniki, kuma cikin ciniki irin wannan mai dogon hannu ne ke cin riba. Ƙaramin ɗan kasuwar da ya haɗa jarinsa ya kawo mota biyu shi ke biyan cikakken kuɗi. Ma'aikacin duwan mai tsoron Allah shi ma ba ya jin daɗin wannan hali, don rashin rubutaccen ma'auni yana sa a zarge shi ko bai ci ba.

Akwai masu cewa a hana shigo da mai haɗari kwata-kwata, a huta. Gana ta rubuta haka a dokarta ta 2020, kan motocin da asurans ta yafe da waɗanda suka wuce shekara 10, sannan ta jingine aiwatarwar da dilolin mota da makanikai suka tayar da ƙura. CEDEAO ma a 2020 ta amince da ƙayyade shekarun motocin da za a shigo da su, tare da dogon wa'adin shiri, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Hani a ƙasar da ke da dogayen iyakoki da talauci irin wannan ba ya hana mota shigowa. Hanyar da take bi kawai yake sauyawa, kamar yadda aka gani bayan Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017. Ban da haka, ba kowace mai haɗari ce makara ba. Motar da ƙofarta kawai ta lotse, aka gyara ta da kyau, ta fi wata lafiyayyar da ta shekara 20 amfani, kuma dubban masu gyaran jiki da fenti da walda a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da wannan aiki suke ciyar da gidajensu. Gawar da Ingila ta ce a niƙe, wannan kam ba ta da hurumin samun lamba a ko'ina. Sauran, a bar su su shigo, da sunansu na gaskiya.

Abin da ake bukata daga ma'aikatar kuɗi da ta sufuri bai fi ƙarfinsu ba. A buga ma'aunin ƙiyasi a manna shi a kowane biron duwan, da faransanci da harsunan ƙasa, har da yadda ake rage lahani, don mai kawo mota ya yi lissafinsa tun tana tashar jirgi. A ɗauki hoton mota da lambar shasinta ranar da ta iso, kafin guduma ta taɓa ta. Wanda bai yarda da ƙiyasi ba, a ba shi inda zai kai ƙara da ranar da za a amsa masa, gaban mutanen da ba su ne suka yi ƙiyasin ba, kuma kada a kwaikwayi Irland wajen riƙe masa dukan kuɗinsa kafin a saurare shi. Sannan babbar maganar: duk rangwamen da aka bayar saboda haɗari, ya fito a kart giriz.

Masu kula da baitulmali za su ce kuɗin shiga zai ragu. Wannan tsoro ya manta da lissafin da aka yi a sama. Dilan da ya san rangwamen jika 300 zai sa motarsa ta faɗi da miliyon guda a kasuwa ba zai nemi rangwamen ba sai lahanin ya kasance wanda ba ya ɓoyuwa; wanda ya nema kuwa, abin da aka bar masa dama ba haƙƙin gomnati ba ne. Sandikar masu shigo da motoci ce ya kamata ta fara kai wannan bukata, tun kafin a ɗora mata wata wadda ta fi ta zafi, domin mambobinta masu gaskiya su ne ke asara a halin da motar da aka miƙe da wuta da wadda ba ta taɓa ko ƙwarzane ba suke tsaye a fili ɗaya, da farashi ɗaya.

Kafin magabata su motsa, mai saye yana da abu ɗaya a hannunsa. Kowace mota tana ɗauke da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, a ƙasan gilashin gaba ko a jikin ginshiƙin ƙofa. In daga Amurka ta fito ta hanyar gwanjo, sau da yawa rubuta wannan lamba a intanet kawai ya isa ya fito da hotunanta na ranar da aka sayar da ita, da gabanta a murƙushe. Dilan da ya hana a kwafi lambar, a bar masa motarsa.